Kundin aikin SR-2: firosesa biyu a kan allo ɗaya

11 ga Janairu, 2025

Madabod ɗin, wato babban allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kansa, ya iso jiya da daddare. Yayana ne ya taho min da shi daga Ingila, ya naɗe shi cikin tawul biyu a tsakiyar akwatin kayansa. EVGA Classified SR-2 ne, na hannu, irin wanda aka fara fitarwa a 2010. Na kai shekara uku ina neman sa. Da na zare ledar na ɗora shi a kan tebur sai da na ɗan tsaya ina kallo, domin hoto bai taɓa nuna min ainihin girmansa ba. Milimita 381 ne ta ɓangare ɗaya, 345 ta ɗayan, alhali madabod ɗin da muka saba gani 305 ne da 244. Gurbin firosesa biyu, gurbin RAM goma sha biyu, dogayen gurabun kati guda bakwai.

Abin da ya sa na nace sai shi: a tarihin kwamfuta allunan da ke ɗaukar firosesa biyu kuma su bar mutum ya ƙure musu maleji ba su da yawa. Galibin masu firosesa biyu na manyan kwamfutocin kamfanoni ne, an kulle komai a cikinsu. Wannan kuwa an yi shi ne don masu son taɓa kowane saiti da hannunsu. Ina da firosesa Xeon X5650 guda biyu da na ajiye tun bara, kowace mai ƙwaya shida, gudun asali 2.66 GHz. Niyyata in kai su 4 GHz, in riƙa haɗa bidiyo da su.

19 ga Janairu

Babu akwatin da zai ɗauke shi a duk inda na leƙa. Na kai wa kafintan layinmu awo, ya yanko min katako mai kauri, na huda ramuka da kaina na ɗaura ƙananan ƙafafun tagulla domin kada bayan allon ya taɓa katakon. A buɗe zai zauna har in ga yadda aikin zai kaya. Da yake hazo ya sauko sosai a makon nan, duk lokacin da na tashi sai in lulluɓe shi da tsohon zani.

Wuta ita ce magana ta biyu. Bayan babbar wayar mai baki 24, kowace firosesa tana da tata wayar mai baki takwas, sannan akwai ƙarin masu baki shida. Fawa-fak ɗina na da waya mai baki takwas guda ɗaya tak gare shi. Wani ya ba ni shawarar in yi amfani da wayar raba-biyu. Ban yarda ba. Kowace X5650 wat 95 aka rubuta mata a gudun asali, idan aka ƙara mata gudu da ƙarfin wuta cinta na tashi sosai, kuma waya ɗaya da aka ɗora wa nauyin biyu bakinta kan narke. Na sayi mai wat 1000 wanda ya zo da wayoyin biyu daga masana'anta.

2 ga Fabrairu

Kunnawar farko. Fankoki sun juya, ƙaramin allon lambobi da ke gefen madabod ya fara ƙirge, sai ya tsaya cak. Babu hoto. Na cire firosesa ta biyu, na bar ta farko da sandar RAM ɗaya, ya tashi har cikin BIOS, wato shafin saitin madabod. Na mayar da sandunan ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da na kai kan wata sanda guda sai ya sake tsayawa.

Na ɗauko ta na kai ta bakin taga. A takardar da ke jikin sauran biyar an rubuta PC3-10600R. A jikin wannan an rubuta PC3-10600E. Harafi ɗaya ne bambancin, kuma mai shagon da ya sayar min da su a ɗaure da roba ya tabbatar min duk iri ɗaya ne.

Wannan harafin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. DDR3 da ke yawo a kasuwa iri uku ce, kuma duk suna shiga gurbi ɗaya lafiya lau. Mai harafin U ita ce ta kwamfutar gida. Mai E tana da ƙarin guntu a kan kowane takwas, wanda ke ajiye bayanin gano kuskure, shi ya sa za ka ƙirga guntaye tara ko goma sha takwas a jikinta maimakon takwas ko goma sha shida. Wannan tsarin, wato ECC, yana gyara kuskuren ɗigo ɗaya na bayani ba tare da kwamfuta ta ko girgiza ba. Mai R kuwa tana da ECC ɗin, sannan a tsakiyarta akwai wani guntu dabam da ke karɓar umarni daga firosesa ya rarraba wa sauran, kamar ɗan sako tsakanin maigida da ma'aikata. Amfaninsa shi ne rage wa firosesa nauyi, ta yadda za a iya cusa RAM mai yawa. To firosesa ba ta iya magana da masu ɗan sako da marasa shi a lokaci guda. Ko duk R, ko babu R ko ɗaya.

Na mayar masa da ita. Ya ɗan yi musu, na nuna masa harafin da yatsa, ya canza min.

8 ga Fabrairu

Sanduna shida masu gigabait huɗu-huɗu, uku ga kowace firosesa, domin kowace tana da layukan RAM uku nata na kanta. Lissafi ya ce 24. BIOS ta ce 20.

Abin ya ci min kwana huɗu. Manhajar CPU-Z, mai nuna kayan cikin kwamfuta, tana ganin sandunan shida duka, tana karanta sunan kowace, amma abin da ake iya amfani da shi 20 ne. Na sauya musu gurabu, matsalar ba ta bi sanda ba, ta tsaya a layi na uku na firosesa ta biyu. Na musanya firosesocin, nan ma ba ta motsa ba. Ke nan laifin yana jikin gurbin.

A wannan tsarin mai kula da RAM yana cikin firosesa ne, saboda haka duk bayanin da ke tafiya tsakaninta da RAM sai ya ratsa ta siraran alluran da ke cikin gurbi, guda 1366. Allura ɗaya ta kauce, layi guda ya tafi. Haka kuma idan aka ɗaure ƙarfen sanyaya da ƙarfi fiye da kima, ko aka matse gefe ɗaya fiye da ɗaya, allon kan ɗan lanƙwashe har wasu alluran su daina taɓawa. Na sassauta sukurorin, babu canji. Daga nan na kashe fitilar ɗaki, na haska tocilan waya daga gefe a kwance. Alluran suna sheƙi a jere kamar gonar da aka yi wa shuka da igiya, ban da guda biyu a kusurwar ƙasa da haskensu ya fita dabam.

Ban taɓa su ba. Na naɗe allon na kai kasuwar waya ta Farm Centre a Kano wajen wani mai gyaran waya da na sani, mai madubin ƙara girma. Ya duba ya ce, “Yallaɓai, ɗaya ta kwanta ne kawai, ɗayar kuma ta karkace a wuya. Idan na matsa mata sau biyu za ta karye, sau ɗaya zan taɓa ta.” Na ce, “Malam, yi yadda ka gani, kai ne da idon.” Da bakin allurar sirinji ya ɗago ta, yana riƙe da numfashinsa. Minti goma bai cika ba. Na dawo gida na haɗa, BIOS ta nuna 24.

16 ga Fabrairu

Windows 10 Pro na saka, domin na Home gurbin firosesa ɗaya kawai yake gani. BIOS ɗin allon irin ta da ce, ba ta tashi daga ma'ajiyar NVMe, sai na yi amfani da SSD mai wayar SATA. MemTest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana yana zagaye babu kuskure. Na buɗe ma'aunin aiki na ga layuka 24 suna motsi tare, ƙwayoyi goma sha biyu kowace da zare biyu. Na ji daɗin wannan gani ƙwarai.

A daren na koma karatun magabatan wannan allo. A 1999 kamfanin Abit ya fitar da BP6, wanda ya bar mutane su haɗa Celeron biyu masu arha, abin da Intel ba ta tsara su don shi ba. Mutane suka riƙa ɗaukar mai 366 MHz su ɗaga agogon allo daga 66 zuwa 100, ta koma 550. Windows 98 ba ya ma ganin ta biyun, sai NT ko Linux. A 2008 Intel da kanta ta fitar da Skulltrail, mai ɗaukar Core 2 Extreme QX9775 biyu, kowace wat 150. Abin da ya daƙile shi RAM ce. Da yake an gina shi a kan kayan manyan kwamfutoci, dole sai FB-DIMM, irin sandar da ke da guntu mai suna AMB a tsakiya, mai zafi, mai tsada, kuma mai ƙara jinkiri. Sai SR-2 a 2010. Magajinsa SR-X ya fito a 2012, amma Xeon E5 da yake ɗauka a kulle suke, kuma an ɗaure agogon tushe da sauran sassan allo ta yadda ba ya ɗaguwa sai ɗan kaɗan. Shi ya sa har yau masu wannan sha'awa ke bin SR-2 duk da tsufansa.

23 ga Fabrairu

Na fara ƙarin gudu. Gudun firosesa shi ne agogon tushe sau wata lamba da ake kira ninki. Ninkin X5650 a kulle yake daga sama, 20 ne, sai 22 idan an bar turbo, wato ƙarin gudun da firosesa ke yi da kanta, a kunne kuma duk ƙwayoyin na aiki. Hanya ɗaya ta rage, ɗaga agogon tushe, BCLK, wanda asalinsa 133 ne. Matsalar ita ce wannan agogo ɗaya ne ke jan komai. Ka taɓa shi, gudun firosesa ya tashi, na RAM ya tashi, na QPI ma ya tashi, wato hanyar da ke haɗa firosesocin biyu da juna da kuma babban guntun allo, Intel 5520. Xeon irin waɗannan suna da hanyar QPI biyu-biyu, shi ya sa suke iya zama tare. Core i7 na wannan zamani hanya ɗaya gare ta, ko ta shiga gurbin ba za ta yi aiki da abokiyar zama ba.

Kafin in ɗaga komai sai da na sauke ninkin QPI zuwa mafi ƙanƙanta. A asali 6.4 GT/s take gudu, 133 sau 48. Da na bar ta a haka na kai agogo 180, da ta nemi 8.6, abin da ba za ta ɗauka ba. A ƙaramin ninki, sau 36, 180 yana ba da kusan 6.5, dab da inda aka tsara ta. RAM ma na sauke ta daga sau goma zuwa sau takwas. Turbo na kashe shi tukuna.

150 ya wuce. 160 ya wuce, 3.2 GHz, ban taɓa ƙarfin wuta ba. A 175 na fara ƙara wa ƙwayoyin wuta kaɗan. A 180 Prime95, mai matsa wa firosesa da aiki don gwada juriyarta, ya yi awa uku lafiya, 3.6 GHz, zafi bai wuce digiri 68 ba. Sanyin dare yana taimakona.

9 ga Maris

Azumi ya shiga, aikin ya koma bayan tarawihi. Kuma a nan ne na ci karo da ainihin wahalar allo mai firosesa biyu.

A 190 kwamfutar tana tashi, tana shiga Windows, amma minti ashirin da fara gwaji sai ma'aikaci ɗaya na Prime95 ya tsaya da kuskure, kullum a ɓangaren firosesa ta biyu. Na gwada kowace ita kaɗai a gurbin farko. Wadda na yi wa alamar A da maka ta kai 200 da wuta bolt 1.28, wato 4 GHz cif. Wadda na yi wa B ba ta tsayawa a 190 sai na ba ta 1.33, a 200 kuwa ko Windows ba ta kaiwa. Suna ɗaya, lamba ɗaya, masana'anta ɗaya, amma ba su fito da hali ɗaya ba. Allon yana bari a saita wa kowace wutarta dabam, kuma na yi hakan, sai dai agogon tushe na tarayya ne. Tafiyar A ta zama sai yadda B ta iya.

Akwai kuma wutar VTT, wadda ke ciyar da mai kula da RAM da QPI a cikin firosesa. Ita ma biyu ce a nan. Da ta yi ƙasa a 190, BIOS ta sake nuna min 20 maimakon 24, gabana ya faɗi na ɗauka allurar nan ce ta koma. Ashe ƙarancin VTT ma yana ɓatar da layi. Na ɗaga ta zuwa 1.3 layin ya dawo. Ban wuce nan ba. Waɗannan firosesocin na nanomita 32 ne, kuma waɗanda suka daɗe a harkar suna gargaɗi a kan wuce 1.35 a VTT, kamar yadda aka san kada wutar RAM ta haura 1.65 a wannan tsari.

RAM ɗin ma ta fara nuna iyakarta. An yi ta don 1333. A 180 sau takwas tana gudun 1440, ta jure. A 190 ya zama 1520, MemTest86+ ya fara kawo jan rubutun kuskure a zagaye na biyu. Idan na sauke ta zuwa sau shida ta koma 1140, ƙasa da asalinta nesa. Babu tsani a tsakani. Na gwada haɗa bidiyo ɗaya a saitin biyu, 3.8 GHz da RAM a 1140, da 3.6 GHz da RAM a 1440. Tazarar ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba, daƙiƙu kaɗan ne a aikin minti goma sha biyu. Wani ɓangare na dalilin shi ne kowace firosesa tana da RAM ɗinta, idan kuma aiki ya buƙaci bayanin da ke wajen maƙwabciya sai an bi ta QPI, ga RAM mai jan ƙafa a ƙarshen hanya.

Ƙanena ya ce in sayar da masu R ɗin in sayi RAM ta 'yan wasan kwamfuta mai gudun 1600 ko sama. Maganarsa tana da hujja, allon yana karɓar ta. Amma ni aikin da zai kwana yana gudu nake so, kuma ECC ce ke tsare ni daga kuskuren da ba ya nuna kansa sai bayan an gama aikin awa shida.

22 ga Maris

An ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, inbata ta yi ƙara ta mutu nan take. Na sa ma'auni a soket washegari. A zaune kwamfutar tana cin kusan wat 190, a cikakken aiki a 3.6 GHz tana haura 450. Inbatar gidan ba a saye ta don wannan ba. Yanzu gwaji mai tsawo sai ranar da wuta ta zauna, ko in tayar da janareta ta bi ta sitabilaiza. Allon bai samu lahani ba, alhamdu lillahi.

5 ga Afrilu

Bayan Sallah zafi ya shigo da ƙarfinsa. Saitin 180 da ya yi awa uku lafiya a Fabrairu, yau da azahar ya kawo shuɗin allon faɗuwar Windows cikin minti arba'in. Firosesa ta biyu ta kai digiri 84. Tsarin zaman su ma yana da hannu, domin iskar da fankar farko ta hura ta ratsa ƙarfe mai zafi ita ce ke isa wajen ta biyu. Na juya fankokin duka biyu suna hurawa sama. Na taɓa faffaɗan ƙarfen da ke rufe guntun 5520 da guntayen NF200 biyu masu rarraba layukan kati, ban iya barin yatsana a kai ba. Na kwance shi, man sanyayar da ke ƙasa ya bushe ya zama kamar busasshen tuwo a gindin tukunya, yana ɓarewa da farce. Shekara goma sha biyar ke nan a wurin. Na goge da sifirit, na shafa sabo, na ɗaura ƙaramar fanka tana kallonsa. Tsakanin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kuwa ƙurar hazo ta yi kamar auduga, duk da zanin da nake rufawa.

13 ga Afrilu

Na haƙura da 4 GHz a wannan bazarar. Na zauna da biro da takarda na nemi inda duk agogunan za su faɗa cikin ƙa'idarsu, sai na samu 166. Sau takwas ya ba RAM 1328, kusan daidai da abin da aka rubuta a jikinta. QPI ta tsaya ƙasa da 6 GT/s. Na kunna turbo, ninki ya koma 22, firosesa ta kai 3.65 GHz, sama da abin da 180 sau 20 ya ba ni, kuma VTT ta sauko zuwa 1.2. Na yi mamakin yadda na ɗauki wata biyu ina bin agogon tushe sama alhali ninkin yana nan a ajiye tun ranar da na kashe shi.

Prime95 ya yi awa tara jiya, daga hantsi har bayan magariba, cikin zafin rana, mafi girman abin da na gani digiri 76 a kan B. Bidiyon da ke ɗaukar minti goma sha shida a gudun asali yanzu yana ƙarewa a ƙasa da sha uku. Iyaka ɗaya da saiti ba zai gyara ba ita ce waɗannan firosesocin ba su da umarnin AVX, wanda ya zo a 2011 da zuriyar da ta biyo su, kuma wata sabuwar manhajar tace hoto da na so sakawa ta ƙi buɗewa saboda haka. Na koma tsohon zubinta.

Saura abu uku a gabana. Zan cika gurabun RAM da wasu sanduna shida masu R, ta zama 48, in ga ko 1328 zai tsaya idan kowane layi ya ɗauki sanda biyu, domin nauyin da ke kan mai kula da RAM zai ninka. Na yi magana da mai walda a kan akwatin ƙarfe mai raga a gaba wadda za a iya cirewa a wanke. Sannan yayana ya ce ya ga X5675 biyu, masu ninki 23 kuma wat 95 kamar waɗannan. Na roƙe shi ya ɗauko min hoton rubutun da ke saman kowace kafin ya biya, in duba ko daga zubi ɗaya suka fito.